Lambatun layinmu ya toshe, damina kuma ta ƙarato: wurin wa za mu kai kuka?

Mazaunin cikin ganuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san yadda aikin hukuma yake tafiya, musamman iyayenmu tsofaffin ma'aikata, a kan wata matsala da ta hana mu barci a daminar bara, kuma muna tsoron ta sake dawowa bana.

Ina zaune ne a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin birnin Zariya, a layin da gidaje 34 suke zuba ruwansu cikin lambatu ɗaya. A da, wannan lambatu yakan gangara ne ya faɗa wani kududdufi da ke bayan unguwa, wanda kakanninmu suka haƙa lokacin da suke ɗibar ƙasar gini, idan kuma kududdufin ya cika sai ruwan ya malala ya nufi rafi. A hankali aka cike kududdufin da shara, aka yanka filaye a kansa, aka yi gine-gine, ya zama ruwan layinmu ba shi da mafita sai ta wata kwalbati da ke ƙarƙashin babban titi. Daga baya wani bawan Allah ya ɗora shagonsa daidai bakin wannan kwalbati, ya rufe lambatun da siminti, tun daga lokacin kuma babu wanda ya sake iya zura shebur a wurin.

A watan Agustan bara aka yi wani ruwa da ya fara bayan sallar isha'i bai tsagaita ba sai gab da asuba. Wajen ƙarfe biyun dare ina tsaye a zaure da fitila a hannu, ina kallon ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, baƙi ƙirin, ɗauke da ledoji da ɓawon rake. Mahaifiyata ba ta iya tafiya sosai, ni da ƙanena muka ɗauke ta a kan kujera muka kai ta ɗakin da ya fi tudu. Da gari ya waye muka tarar katangar ƙasa ta maƙwabcinmu ta zube cikin lungu, a daidai wurin da yara suke bi zuwa makarantar allo. Allah ne ya tsare, domin da ta ƙara sa'a biyu a tsaye kafin ta faɗi, da labarin ya zama wani.

Mun je wurin mai unguwa, ya saurare mu, ya kuma zo ya gani da idonsa. Mun je wani ofishi aka ce mana tunda kwalbatin titi ce ba aikinsu ba ne, muka je wani aka ce lambatun unguwa ba ya cikin huruminsu. Yanzu matasan layi suna cewa a yi karo-karo a yashe lambatun a huta, wasu dattawa kuma suna cewa idan muka yi haka mun ɗauke wa hukuma nauyin da yake kanta. Abin da nake son sani shi ne, a dokance aikin wa ne wannan, ta wace hanya ake shigar da koke har a ga aiki a ƙasa, kuma yaya za mu yi da mai shagon ba tare da an ɓata zumunci ba, domin surukin wani gida ne a layin?

Tsohon ma'aikacin sashen ayyuka ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ya ba Hajiya lafiya. Na yi shekaru masu yawa a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, kuma irin wannan koke shi ne abin da ya fi zuwa gabanmu daga Yuli zuwa Satumba, wato lokacin da ruwa ya riga ya yi ɓarna kuma ba a iya zuba kankare yadda ya kamata. Ka yi dabara da ka ta da maganar tun rani bai ƙare ba.

Abin da ya rikita ku shi ne kun ɗauki matsala uku kun ƙulle su a ƙunshi ɗaya, shi ya sa kowane ofishi ya dubi ɓangaren da ba nasa ba ya sallame ku, kuma kowannensu yana da gaskiya a nasa ɓangaren. Lambatun da ke cikin layi na ƙaramar hukuma ne, babu ja a kan wannan. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a cikinsu akwai ginawa da kula da hanyoyin cikin gari da fitilun titi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Kwalbatin da ke ƙarƙashin babban titi kuwa tana bin mai titin ne: idan titin na jiha ne, hukumar kula da hanyoyi ta jiha, KADRA, ita ce za ta taɓa ta. Ginin da aka ɗora a kan hanyar ruwa kuma magana ce ta tsara birane, wadda a jihar Kaduna take hannun hukumar tsara birane, KASUPDA. Saboda haka takarda uku za ku rubuta, kowace da abin da take nema, ku kuma ambata a cikin kowace cewa kun aika wa sauran.

Na ce takarda, domin koken baki yana mutuwa ne a inda aka faɗe shi. Jami'in da ya saurare ku da kyakkyawar niyya yana iya samun canjin wurin aiki a wata mai zuwa, wanda ya gaje shi kuma ba zai tarar da komai a fayil ba. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓarku, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, idan da hali hakimi ya rubuta 'yar wasiƙar rakiya. Kada takardar ta wuce shafi ɗaya. Ku faɗi sunan layi, da yawan gidajen da abin ya shafa, da tsawon lambatun, wanda za ku auna da tef ku rubuta da mita, da ranar da ruwa ya shiga gidaje, da katangar da ta faɗi, ku haɗa da hotuna. Na sha ganin takardar shafi huɗu cike da kirari da addu'a, amma idan ka nemi inda lambatun yake da kuma tsawonsa sai ka rasa, injiniya kuwa ba ya iya ƙiyasta buhun siminti da kirari. Idan kun kai, ku tafi da kwafi biyu, ku miƙa a ofishin karɓar wasiƙu, ku tsaya har akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku kwafin. Wannan kwafin mai hatimi shi ne za ku riƙa nunawa duk lokacin da kuka koma bibiya, kuma ku koma, mutum biyu ko uku, kowane mako biyu, cikin ladabi.

Sannan ku bambanta abin da za a iya yi bana da wanda sai baɗi. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ne a Janairu ta ƙare a Disamba, kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa kasafin shekara mai zuwa. Sabon lambatu na kankare babban aiki ne, idan ba ya cikin kasafin bana da wuya a yi shi bana, komai son shugaba. Amma yashe lambatu da kwashe abin da aka fitar ƙaramin aiki ne da sashe yake iya yi da leburorinsa da tifa ɗaya. Ku nemi wannan yanzu, ku kuma nemi a sa ginin a kasafin baɗi, cikin jimloli biyu dabam.

Abin da ka faɗa game da kududdufi ya taɓa ni, domin shi ne asalin ciwon cikin birni gaba ɗaya. Waɗannan ramuka da muke raina wa su ne suke shanye ruwan marka su riƙe shi, su sake shi a hankali. Zariya tana samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa cikin wata biyar, mafi yawa a Agusta. Ruwan bai ragu ba, wurin zamansa ne muka gine. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna suke shugabanta, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, duba-gari yakan shiga gida har bakin randa da kwata, kuma mutum bai isa ya toshe hanyar ruwa ya kwana lafiya ba, saboda mai unguwa zai sani kafin azahar, hakimi kuma kafin la'asar. Ba ina cewa komai na wancan zamani daidai ne ba, akwai tsanani da ya wuce kima, amma ana sanin wanda za a tambaya.

Malamar asibitin sha-ka-tafi ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri, sai dai ina so in ƙara abin da maza sukan manta idan sun zauna a zaure suna shawara. Kafin a tambayi wanda zai yashe lambatu, ya kamata a tambayi yadda sharar take shiga cikinsa. Mace ta share gida, ta tara a bokiti, ta ba almajiri ko yaron gida ya kai juji. Idan jujin yana da nisa, ko kuma an sayar da filinsa an gina, yaron zai waiga hagu da dama ya juye a lambatu, wasu ma jira suke hadari ya haɗu su zuba domin ruwa ya tafi da ita. Ko an yashe yau, in ba a tanadi wurin zuba shara da wanda zai riƙa kwashewa ba, kafin wata biyu an koma gidan jiya. Don haka ku sa buƙatar wurin tara shara a cikin takardar taku, kuma ku shiga gida-gida ku yi wa mata bayani, ko ku sa malamar Islamiyyar matan aure ta yi musu, domin su ne suke riƙe da tsintsiya.

Game da jiran hukuma kuwa, ni ina bayan matasan. A wurin aikina ina ganin abin da kwantaccen ruwa yake haifarwa: daga Yuli layin masu zazzaɓin cizon sauro yake tsawo, idan kuma ruwan kwata ya sami hanya ya shiga rijiya, sai a fara kawo yara da amai da gudawa, wani yaron a kawo shi idanu sun faɗa ciki, fatar cikinsa idan ka ja ba ta komawa. Uwar da ke riƙe da irin wannan yaro ba ta damu da ko aikin jiha ne ko na ƙaramar hukuma ba. Ku yi gayya, ku rubuta takarda, duka biyun a mako ɗaya. Amma duk wanda zai shiga lambatu ya sa takalmin roba da safar hannu, saboda fasassun kwalabe da allurai, kuma kada a bar ƙananan yara su shiga.

Ɗalibi daga Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya amsa:

Malama, ina girmama ra'ayinki, kuma ba na musun cewa rai ya fi komai. Damuwata ita ce gayya ta zama al'ada har mun daina tambayar inda kuɗinmu suke tafiya. Unguwa ta haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinta, ta sayi taransifoma, ta biya 'yan sintiri, ta gyara rufin firamare, yanzu kuma lambatu. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma ana buga abin da kowace ta samu duk wata, mai waya yana iya dubawa.

Gaskiya ne an daɗe ana bin da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada, kuma idan aka cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, abin da yake saura don ayyuka ba shi da yawa. Wannan nauyin albashi ne ma gwamnatin jiha ta kafa hujja da shi a 2017 lokacin da ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77. Amma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ta ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, duk da haka ya ba talaka ƙafar tsayawa ya yi tambaya. A nan jihar an yi zaɓen ƙananan hukumomi 23 a Oktoban 2024, kuma ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13, daga Kwarbai da Kaura da Limancin Kona har zuwa Wuciciri da Dutsen Abba, kowace da kansilanta. Majalisar kansiloli ce take amincewa da kasafin kuɗi. Kansilan da ya zo layinku neman ƙuri'a yana da bakin magana a kan ko lambatunku zai shiga kasafin ko ba zai shiga ba, don haka ku gayyace shi ya tsaya a bakin kwalbatin ya gani, ku kuma tambaye shi ranar da zai gabatar da maganar a zauren majalisa.

Akwai kuma tsarin da jihar Kaduna take bi na tattara buƙatun al'umma mazaɓa-mazaɓa kafin a rubuta kasafi, inda mutane suke jera abin da ya fi damunsu bisa fifiko. Ku tambayi kansila ko jami'in raya al'umma lokacin da za a yi na mazaɓarku, ku je da yawa, maza da mata, domin wanda ya halarta shi ake rubuta buƙatarsa. Idan kuma kuna son ganin abin da aka ware wa magudanan ruwa a kasafin bana, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema a rubuce, ta kuma ɗibar wa ofishi kwana bakwai ya ba da amsa.

Idan har za a yi gayyar, ina roƙon a yi ta da sharaɗi: ku ku fito da ƙarfinku, hukuma ta kawo tifa da baro da shebur, a kuma rubuta hakan.

Tsohon ma'aikacin sashen ayyuka ya sake amsawa:

Ɗana, sharaɗin nan naka shi ne daidai, kuma ba don siyasa kaɗai ba. Na ga unguwanni da yawa sun yi gayya ranar Asabar, sun tara laka da leda tsibi-tsibi a gefen lambatu, babu motar kwashewa, ruwan farko ya zo ya mayar da komai inda aka ciro shi. Kada a sa ranar gayya sai an tabbatar da ranar tifa.

Na ga babu wanda ya taɓa maganar sulhu da mai shago, alhali ita ce mafi wuya. Shawarata ita ce a riƙe takardar hukumar tsara birane tukuna, kada a aika da ita sai sulhu ya gagara, domin idan jami'ai suka zo suka shafa jan fenti a bango, magana ta fita daga hannunku, kuma rusau ba ya tsayawa a inda mai ƙara ya so. Yana iya shafar barandar wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu. Mai unguwa da limamin masallacinku su kira shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, tare da babban gidan da yake surukinsu. Sau da yawa ba sai an rushe shagon ba: ana fasa simintin da ya rufe lambatun, a maye gurbinsa da murafan kankare da ake ɗagawa a yashe a mayar. Idan ya ƙi, sai a kai gaban hakimi, wanda yake da hanyar isar da magana har fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. A nuna masa hoton katangar nan da ta faɗi a lungun da yara suke bi, a kuma tuna masa cewa idan ruwa ya rasa hanya, harsashin shagonsa ne zai fara ci.

Mazaunin cikin ganuwa ya dawo:

Na gode ƙwarai, Baba, da Malama, da ɗan'uwa na Kongo. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mutanen layi amsoshinku bayan sallar magariba, kuma ga inda muka kwana.

Mun auna lambatun da tef ɗin wani magini, ya kama mita 210 daga bakin masallaci zuwa kwalbati. Wani malamin sakandare a cikinmu ya rubuta takardar shafi ɗaya, magidanta 31 suka sa hannu, ukun da suka rage ba sa gari. Matan layi sun aiko da nasu saƙon ta bakin uwargidan mai unguwa, cewa a sa maganar wurin zuba shara a gaba da komai, mun kuma sa. Mai unguwa da dagaci sun sa hannu, na kai da kaina tare da wani dattijo, an buga mana hatimi a kwafinmu, yanzu yana cikin leda a akwatin liman. Kansila ya zo ranar Laraba, ya tsaya a bakin kwalbatin, ya ce zai nemi tifa, mu kuma muka ce masa ba za mu sa ranar gayya ba sai ya faɗa mana ranar da za ta zo.

Mai shagon ya amsa kiran liman. Da farko ya ɗauki zafi, yana cewa da kuɗinsa ya sayi wurin, amma da aka nuna masa hoton katangar sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya yarda a fasa simintin idan layi zai raba kuɗin murafan da shi. Wasu suna ganin bai kamata mu biya ko kwabo ba tunda shi ya toshe, ni kuwa ina ganin mu biya rabin, domin jiya da yamma hadari ya haɗu ta gabas har iska ta fara kaɗa ƙura, ko da yake bai zubar ba. Za mu yanke wannan magana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Takardar kwalbati ce ba mu kai ba tukuna, saboda har yanzu muna neman tabbacin ko titin na jiha ne. Baba, idan akwai ofishin da ake duba wannan a cikin Zariya ba sai an je Kaduna ba, ina roƙon ku sanar da ni kafin Litinin.